Rigar Baffa a Wuyan Halliru

Ku matso kusa 'yan uwa, yau ba ni da muryar ɗagawa. Sunana Lubabatu, amma Luba ake kirana, 'yar Malam Ya'u mai aikin riga a nan Wudil, gidan da ke hannun hagu in ka gangaro za ka kogi. Ni ce auta, ni ce kuma wadda Inna ke cewa ta yi kwantai, don sa'o'ina duk da goyo a baya, ni ina fama da abacada. Tun da aka buɗe mana ajin Yaƙi da Jahilci na mata na iya haɗa baƙi, babu takardar da ke wuce ni. Ko wadda aka ƙunso barkono a ciki sai na warware na karanta, ina yi ina atishawa.

Akwai wanda ke nemana. Na san bai dace budurwa ta kama sunan saurayi gatsau ba, amma ai ku ba surukaina ba ne. Halliru sunansa. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in yana magana sai ka kasa kunne don ba ya ɗaga murya. Maraya ne. Baffansa, Alhaji Ƙasimu, babban dillali a Kara, kasuwar shanun garinmu, shi ya rene shi, shi ya koya masa ciniki, shi kuma zai tsaya masa a aure. An riga an kawo gaisuwa gidanmu, sa rana kawai ya rage, Alhaji ya ce a bari sai an ɗebe amfanin gona. Ina son Halliru, son da in na tuna shi ina tuƙa tuwo sai na bar gudaji a ciki.

To, a daminar nan aikin Baba mutuwa yake yi muna kallo. Kekunan ɗinki sun cika birni. Tela zai zauna ya murza ƙafa, kafin la'asar ya gama abin da Baba ke wata da watanni a kansa da allura. Masu taya shi ɗinki a zaure suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma dakon gyaɗa. Aiki ɗaya tak ya rage a hannunsa, shi ne rigar Alhaji Ƙasimu. Saƙi ce mai duhun shuni, aikin da zaren tsamiya, zayyanar kuwa Baba ne ya ƙirƙiro ta da kansa, tana lanƙwasa daga wuya zuwa aljihu kamar yadda kogin garinmu ke yi a bayan gada. Ranar da Alhaji ya ga zanen, magana ɗaya ya yi: "Malam, kada in gan ta a wuyan kowa."

Ni na kawo shawarar jarida, kuma har gobe ban ce shawarar banza ce ba. Na ga an buga hoton wani baduku da jakunkunansa, aka ce tun daga nan bai sake zaman banza ba. Ran nan Halliru ya zo zance bayan la'asar, na fito da atamfata mai ganye, na zizara kwalli, na zauna a bakin tabarma ina wasa da gefen mayafi.

"Wai mutumin nan da ke zuwa Kara ran Juma'a yana rubuta farashin shanu, wa yake tambaya?"

"Malam Sabo? Ni yake tambaya."

"Yana da akwatin hoto?"

Ya dube ni ta gefen ido. "Luba, me kike ƙullawa?"

"Ba ƙulli ba ne. Ka kawo shi ya ga aikin Baba. In jarida ta ce ga rigar Alhaji Ƙasimu na Wudil, aikin Malam Ya'u, wa ya yi asara? Baffa ya sami suna, Baba ya sami aiki."

"Baffa ba ya son a shiga gabansa."

"Kana so a kai ni gidanka daga gidan da ba a ɗora tukunya?"

Ya bi wuraren da masu ɗinki ke zama a da da kallo, inda jikin bango ya yi santsi saboda jingina. Can ya ce zai gwada.

Malam Sabo ya zo wata Juma'a da hantsi, ɗan siriri da tabarau, wandonsa irin na ma'aikatan En'e, akwatin hoto rataye a wuya. Aka shigo da shi filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, don ya ce yana son haske. Ni ina bayan zana, na sami kafa na liƙa ido. A ranar aka karɓo rigar daga wajen mabuga, tana ta ƙyalli, ninkinta kamar a yanka hannu. Malam Sabo ya ce Baba ya riƙe ta ya tsaya. Baba ya ce shi ba ya tsayawa gaban wannan akwati, ko da ƙuruciya bai yi ba. Aka shimfiɗa ta a tabarma. Malam Sabo ya zagaya nan, ya zagaya can, ya leƙa ya girgiza kai.

"A ƙasa ba ta da rai, Malam. A takarda baƙi ƙirin za ta fito. Riga sai da mutum a ciki." Ya juya ya ƙare wa Halliru kallo. "Kai, ga ka da kafaɗa. Zura ta."

"Ba tawa ba ce."

"Wa ya ce taka ce? Ƙirjin kawai zan ɗauka, fuskarka ba ta fitowa. Kafin ka ƙifta ido an gama."

Halliru ya dubi Baba. Na san Baba, in zai hana abu gyaran murya yake yi. Bai yi ba, sunkuyar da kai ya yi yana jan carbi. Halliru ya cire tasa, ya zura ta Alhaji, ya naɗe hannayen bisa kafaɗa yadda manya ke yi. Masu karatu, in gaya muku gaskiya, a lokacin ban tuna da wani Alhaji ba. Ban taɓa sanin haka mijin da zan aura yake da kwarjini ba, har ciyawar zana ta soke ni a kumatu ban ji ba.

Inna ce ta dawo da ni hayyacina. Da baƙon ya tafi ta sa aka miƙo mata rigar, ta kai wuyan rigar hancinta, ta sauke a hankali.

"Ta sha gumin wani."

"Inna, ko minti bai yi da ita ba."

"Ke da kika iya karatu, a wane shafi aka rubuta miki ana sa wa babba sabuwar riga kafin shi? Mutumin da ko ruwa ba ya sha a kasuwa? Irin su Alhaji sai an kai sabuwar tufa wajen malami an tofa, an turara, sannan ta taɓa jikinsu. In ya ji wani ya riga shi zura wuya, ba raini kaɗai zai gani ba, cewa zai yi an yi masa wani abu a ciki." Ta nuna ni da yatsa. "Shekara nawa ina roƙon Allah ki bar ɗakina da mutunci. In auren nan ya lalace, kada ki zo mini da kuka."

Aka mayar da rigar wajen mabuga suka sake buge ta, aka ninke, aka kai wa Alhaji. Ya yaba ƙwarai, ya ce a ajiye masa a adaka sai ranar da ta dace. Babu wanda ya ce masa uffan. Gero ya nuna, aka yi girbi, aka shiga cirar gyaɗa, jarida shiru. Har na fara addu'ar Allah ya sa hoton ya ƙone.

Bai ƙone ba. Wata Talata da azahar Safara'u dillaliya ta yi sallama. Ita ce ke yawo gida gida da zannuwa da tasoshi, ita ce kuma ke kawo mini saƙon Halliru, har muryarsa take kwaikwaya. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta ja ni ɗaki, ta ɗaga faifai, ta zaro jarida daga ƙarƙashin kaya.

Rabin shafi guda. Halliru ne tun daga hula har takalmi, wushiryar nan a fili, zayyanar Baba ta fito ɗaya bayan ɗaya kamar a taɓa. A ƙasa an rubuta: Malam Halliru, wani saurayi ɗan kasuwa a Wudil, sanye da sabuwar rigarsa, aikin hannun Malam Ya'u. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya bayan shafin. Babu sunan Alhaji ko'ina.

"Halliru ya ce in ce miki ya gani," in ji Safara'u. "Ya ce ki kwantar da hankalinki, Baffa ba ya karatun boko."

"Mutanen Kara fa?"

"Tun safe take yawo hannu hannu. Har mahauta sun gani."

"To wa ya gaya wa Alhaji?"

"Wa zai fara?" Ta rage murya. "Ga kuma wata. Jibi... a'a, Juma'ar nan manyan fatake za su zo daga Kurmi, can Kudu. Alhaji ya sa an fito da rigar ana turarawa."

Na ce ta koma maza ta ce masa ya je ya durƙusa gaban Baffansa ya faɗa da bakinsa, tun kafin a sa rigar. Washegari ta dawo. "Ya ce ya je har ƙofar turaka, ya ji Baffa yana ba baƙi labarin rigar da ba a taɓa ganin irinta ba, sai ƙafarsa ta ƙi shiga." Na ce ta ce masa in yana sona ya shiga. Ta dawo da yamma. "Ya ce yana sonki. Ya ce gobe." Na roƙi Baba shi ya je. Ya ce da wane baki, shi da aka yi abin a gabansa.

Abin da zai ba ku haushi, jaridar ta yi aikinta. Tun ran Laraba motar birni ta fara sauke mana baƙi, kowa da jarida a ninke a aljihu, kowa yana son irin ta hoton. Baba ya ce wannan zayyana da mai ita, amma zai zana musu wata. Wasu suka yarda suka bar yadi. Wani mai ƙaton rawani ya yi dariya ya ce ba komai, ai telolin birni sun riga sun ɗora takarda a kan hoton suna kwafa, kafin Salla kowane yaron mota zai sa irinta. Biyu daga masu taya Baba ɗinki suka dawo suka jingina a wurarensu na da. Inna ta yi miyar kuɓewa da nama, wanda muka daɗe ba mu gani ba, amma kwanukan haka suka dawo kusan a cike.

Ran Juma'a tun da safe nake jin kukan shanu daga Kara, ina shara ina sake share inda na share. Sai bayan an sauko daga masallaci Safara'u ta shigo, ko kayanta ba ta ɗauko ba.

"Alhaji ya sa rigar?"

"Ya sa. Da farin rawani, da sanda mai azurfa. Yana shiga Kara wuri ya yi tsit, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Shi kuwa ya ɗauka kwarjini ne, yana tafe yana gyara kafaɗa."

"Sai me?"

"Sai taubashinsa, wani tsoho daga Darki. Kin san abokin wasa ba a hana shi magana. A gaban fataken nan ya ce, Ƙasimu, ashe yaron naka yana da kirki, har ya ba ka aron rigar tasa? Ya zaro jarida ya buɗe masa."

Na dafa bango. "Ya yi faɗa?"

"Da ya yi ai da sauƙi. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya yi dariya, ya ninke jaridar ya sa a aljihun rigar. Ya gama cinikinsa tsaf. Da ita ya yi sallar Juma'a, a sahun gaba. Halliru na bayansa riƙe da buta, ko kallonsa bai yi ba."

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyi. Ba saƙo, ba faɗa, ba a kori kowa ba. Safara'u ta ce Halliru na zuwa Kara kullum, Alhaji na amsa gaisuwarsa, har nama yake ture masa in suna cin abinci. Inna ta ce to Alhamdulillahi, ƙila ya huce. Baba kuwa na lura allura tana yawan soke shi, abin da ban taɓa gani ba. Ana nan sai aka aiko cewa Alhaji zai zo da kansa ran Litinin bayan la'asar a kan maganar sa rana.

Inna ta sa aka yayyafa ruwa a zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma da buzu, aka dama fura da nono mai kyau. Ni ta sa na yi kitso, na ɗaura zanen saƙi da ɗankwali ruwan goro, ko da yake ba wanda zai gan ni, don ba a kiran yarinya wajen sa rana. Ina zaune bakin gado ina murza awarwaro sai na ji Baba ya leƙo tsakar gida, muryarsa a dushe.

"Luba. Sa mayafi ki zo bakin ƙofa. Alhaji na neman ki."

Inna ta dafe ƙirji. Na ja ƙafa na je na durƙusa a bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida. Ta tsakanin karan ina ganinsu. Alhaji a kan buzu cikin farar riga marar aiki ko ɗaya. Ƙwaryar goro a gabansa, an rufe da ganye, ba a buɗe ba. Halliru a rakuɓe can gefe, ya rame, idonsa a ƙasa. Na gaishe da Alhaji, ya amsa da fara'a, ya tambayi Inna, ya tambayi gajiyar kaka, bai bar komai ba.

"An ce kin iya karatun boko, 'yata."

"Kaɗan, Alhaji."

"Madalla. Ni Allah bai ba ni ba." Ya turo jaridar ta ƙarƙashin asabari da kan sandarsa. "Na ba mutane sun karanta mini abin da ke ƙasan hoton nan, kowa da abin da yake faɗa. Wani ma cewa ya yi sunana ne a wurin. Karanta mini yadda yake."

Takardar ta yi laushi saboda ninki. Na dubi baƙaƙen, suna rawa. Ina iya cewa rigar Baffansa, kalma ɗaya ce, wa zai kama ni a zauren nan? Amma na dubi idon Alhaji ta tsakanin kara, na ga ba tambaya yake yi ba, ya riga ya sani. Na karanta masa tun daga Malam Halliru har Malam Ya'u. Da na zo kan sabuwar rigarsa muryata ta karye, ya ce in maimaita wurin. Na maimaita.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "To wa ya kira mai hoton?"

"Ni ne, Baffa," Halliru ya yi saurin cewa.

"Ni ce na sa shi, Alhaji." Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. "Aikin Baba nake so a gani. Shi cewa ya yi kada a shiga gabanka."

"Na ji, 'yata. Kin kyauta wa mahaifinki, ga zaure ya cika da yadi." Ya juya ga Halliru, har yanzu da murmushi. "Amma ba ke kika zura wuyanki a ciki ba. Ba ke kika ci abinci kwano ɗaya da ni kina kallo ana turara ta ba."

Baba ya fara ba da haƙuri, ya ce laifin nasa ne, zai zana wata da ta fi ta, ba zai karɓi komai ba. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce shi da Malam babu komai, har abada. Sannan ya gyara zama, kamar mai shirin faɗin alheri.

"Yaron nan ya girma, jarida ma ta shaida. Wudil ta yi masa kaɗan. Fataken da suka zo za su kora shanuna da ƙafa zuwa Badun, can ƙasar Yarabawa. Jibi za su tashi, da shi za su. In sun isa zai zauna a zango ya zama wakilina a can."

Halliru ya ɗago kai a karo na farko.

"To maganar ranar fa, Alhaji?" in ji Baba a hankali.

"Tana nan, Malam. Ni ban fasa ba. In ya dawo sai a sa."

Ya yi wa Halliru nuni da ƙwaryar goron. Halliru ya tashi ya ɗauke ta yadda aka kawo ta, ganyen ko motsi bai yi ba. Na san ba a jin muryar yarinya a irin wannan wuri, na san Inna na bayana tana jan mayafina, amma na kasa haɗiye maganar.

"Alhaji, wakili yana daɗewa a can?"

Ya riga ya miƙe, yana neman takalminsa da ƙafa. Ya tsaya ya dubi asabarin, daidai inda idona yake.

"Ya danganta, 'yata. Wanda na tura kafin shi ma saurayi ne ya tafi. Bara ya aiko mini da 'ya'yansa su gaishe ni, sai da aka nemo mai yi mana tafinta."